Yadda Ake Shirya Bikin Fasaha na Unguwa Don Tarbar Sabuwar Shekara

Bikin da uwa za ta zo da goyo, kaka ta zo da sandarta, ɗan shekara bakwai ya koma gida riƙe da abin da ya ƙera da hannunsa, ba a shirya shi kamar yadda ake shirya gangamin mawaƙa. A gangami dandamali ɗaya ake kafawa, kowa ya zuba ido. A nan kuwa rumfuna ake bazawa, kowa ya sa hannu, kuma a tashi da wuri. Yawancin bukukuwan unguwa da ke watsewa cikin hayaniya, a waɗannan wurare biyu suke tuntuɓe: an tara yara ba a ba su abin yi ba, ko an ja lokaci har dare ya yi.

Akwai tsarin da ya cancanci a duba. A birnin Boston na Amurka, wasu masu fasaha sun fara wani biki mai suna First Night a daren 31 ga Disamba, a tsakiyar shekarun 1970. Ba a sayar da giya a cikinsa, ana baza wasanni a wurare da yawa, a da mutum kan sayi baji ɗaya ya maƙala a ƙirji ya shiga duk inda ya so, sannan ana yin jerin gwano da wasan wuta tun da farkon dare saboda masu ƙananan yara. Birane da dama a Amurka da Kanada sun kwaikwaya. A 2013 ƙungiyar da ke shirya shi ta rufe saboda ƙarancin kuɗi, sai hukumar birnin ta karɓa. Abin ɗauka a ciki shi ne baji ɗaya, rumfuna da yawa, rufewa da wuri, da kuma kada biki ya girma ya fi aljihun masu shi.

Wace rana?

Sabuwar shekara biyu muke da ita, kuma kowacce da irin shirin da take bukata. 1 ga Janairu hutu ne a Najeriya da Nijar, makarantu na rufe, amma tsakiyar hunturu ne: ƙura, sanyin safe da na dare, da iskar da ke busar da fenti da yumɓu kafin yaro ya gama aiki. A unguwannin da Musulmi da Kirista ke zaune tare, kamar a Jos da Kaduna da Sabon Gari, daren 31 ga Disamba na zuwa coci ne, don haka yammacin 1 ga Janairu ya fi tara kowa. A Nijar ku duba jadawalin kokowar takobi ta ƙasa, domin a shekarun nan sau da yawa a ƙarshen Disamba ake yin ta, kuma ranar karon ƙarshe ba wanda zai bar gaban talabijin ya zo rumfar rini.

1 ga Muharram kuwa tana matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara, kuma a yanzu tana faɗowa a farkon damina. Sai an tanadi ajujuwa ko zaure da za a gudu idan hadari ya taso. Ranar kanta tana jiran ganin wata, saboda haka kada ku buga takardar gayyata da kwanan wata tsayayye. Ku rubuta "Asabar ta farko bayan kamawar wata". Ku kauce wa 9 da 10 ga wata, domin mutane da yawa na azumin Tasu'a da Ashura.

Wasu malamai ba sa son a kira taro da sunan bikin sabuwar shekara. Wannan ba a warware shi a ranar taro. Ku je wurin limamin unguwa tun farko da jadawali a rubuce, ya ga babu cakuɗar dare, an tsaya a kowace salla, kuma aikin hannu ne da tatsuniya. Idan suna ne matsalar, "Ranar Fasahar Yara da Iyalai" ta wadatar.

Mako shida kafin ranar

Kwamiti na mutum bakwai ya isa: shugaba, ma'aji, mai kula da rumfuna, mai kula da dandamali da wuta, mai tsaro da ƙofa, mai abinci da ruwa, da mai tsafta. Aƙalla biyu su kasance mata, domin su ne za su shiga gidaje su yi wa iyaye mata bayani, kuma idan iyaye mata ba su gamsu ba, 'yan mata ba za su fito ba. A fara da mai unguwa, shi zai kai ku ga dagaci. Daga nan a rubuta wa ofishin 'yan sanda na yanki takarda mai ɗauke da rana, wuri, lokacin farawa da tashi, da adadin mutanen da ake sa rai. Inda akwai Hisba a ba su kwafi. A karɓi sa hannu a kan kwafinku a ajiye.

Filin makarantar firamare ya fi ko'ina dacewa: akwai katanga, akwai ajujuwa, akwai bencina, galibi akwai banɗaki. Ku auna filin da taku, ku ware wa kowane mutum murabba'in mita ɗaya da rabi zuwa biyu bayan an cire wurin rumfuna. Abin da lissafin ya bayar shi ne adadin bajin da za ku buga, ba ƙari. Don biki na farko, mutum 300 ciki har da yara 100 zuwa 120 shi ne abin da kwamitin mutum bakwai da masu taimako ashirin za su iya riƙewa.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi magana a kan ƙofa. A Disamba 2024 yara 35 suka rasu a turmutsitsi a wani bikin yara a Ibadan, bayan an yi shelar za a raba kuɗi da kyaututtuka, jama'a suka yi dafifi a bakin ƙofa tun kafin a buɗe. Saboda haka kada a yi shelar rabon komai, a rediyo ko a Facebook ko a bakin masallaci. A sayar ko a raba baji tun kwana uku kafin ranar, gida gida, ba a bakin ƙofa ba. Gidajen da ba su da hali a ba mai unguwa nasu ya kai musu cikin sirri. A buɗe ƙofa minti 45 kafin lokaci don kada layi ya taru, ƙofar shiga daban ta fita daban, kuma kada a taɓa sa kwaɗo a kowacce muddin akwai mutane a ciki. Duk yaron da bai kai shekara goma ba, a rubuta lambar wayar wanda ya kawo shi a kan farin salatif a naɗa masa a wuyan hannu.

Rumfunan aiki

Rumfa biyar ta isa. Kowacce ta ɗauki yara 20 a lokaci guda, da manya biyu, zagaye ɗaya minti 25, a buga ƙararrawar makaranta a canza. Idan aka bar yara su zaɓa yadda suka ga dama, duk za su taru a rumfar fenti.

Rumfar fitila ita ce uwar biki, domin da fitilun za a rufe taro. Kwalin da ake sayarwa a shagon littattafai, mai kamar santimita 50 da 70, ana yanka shi gida huɗu. Yara 100 na bukatar kwali 25, ku sayi 30 saboda ɓarna. A yanke siririn yanki mai faɗin santimita 2 daga gefen kwalin kowane yaro a ajiye shi na mariƙi. A ninke sauran kwalin gida biyu ta tsawo, a yi ta tsaga shi da almakashi daga wajen ninkin, tazarar santimita 2, a tsaya saura santimita 3 a kai baki. A buɗe, a naɗe shi kamar gwangwani, a danne sama da ƙasa da sitefila, a maƙala mariƙi. Kuskuren da yara ke yi shi ne su zarce da tsagar har baki, fitilar ta wargaje. Maganinsa a ja layi da fensir a wurin tsayawa tun daga gida. Almakashi goma marasa tsini da sitefila huɗu sun isa, kuma sitefila a hannun manya take zama. Hasken ciki ƙaramar tocila ce mai batir, irin ta maɓallin makulli, a rataye ta da zare. Kyandir ko aci-bal-bal ba su da wuri a nan ko kaɗan: takarda, iskar hunturu, da yara masu rigunan leda a jere kusa da juna.

Rumfar rini ita ce ke jan manya. A nemi marini na gaske daga cikin gari. Farin yadi na auduga zalla za a saya, domin mai haɗin leda ba ya kama shuni, zai fito fari-fari yaro ya yi ta kuka. Yadi ɗaya na ba da hankici tara masu santimita 30, wato yadi 12 na yara 100. A wanke shi tun jiya don sitacin kamfani ya fita. Aikin yara shi ne ɗauri: su sa tsakuwa ko ƙwallon dabino a tsakiya, su ɗaure da zaren buhu ko roba da ƙarfi, su rubuta suna a kusurwa da biro. Idan ɗaurin ya yi sako-sako, rini ya shige, babu zane. Tsomawa kuwa aikin marini ne shi kaɗai, a bayan igiya, da safar roba, domin rinin kanti ana haɗa shi da soda mai ƙuna wadda ke cin fata da ido. Ku bar yara su tsaya su kalli fitowar ƙyallen: yana fitowa kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gabansu. A nan ne marinin zai ba su labarin karofin Ƙofar Mata a Kano. A tanadi bokiti uku na ɗauraya da igiyar shanya mita 30.

Yumɓu a saye shi wurin magina tukwane, wanda aka riga aka kwaɓa. Kowane yaro dunƙule ɗaya kamar gram 250, wato kilo 25. A rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa gutsurowa kaɗan-kaɗan. Da hunturu abin da aka gina yana tsagewa saboda bayansa ya bushe cikinsa da danshi, don haka a shanya a inuwar aji, kuma kada kaurinsa ya wuce na babban yatsa. Ƙafar doki ko wuyan raƙumi idan za a liƙa, a karce wuraren biyu da tsinke a shafa ruwa, in ba haka ba a hanyar gida za su faɗi.

Bangon zane: katakon filawud uku, kowanne ƙafa 4 da 8, a shafe su da farin fentin ruwa sau biyu tun kwana biyu kafin ranar. Galan ɗaya na lita 4 ya isa har ya yi saura, a raba sauran a ƙananan robobi a garwaya da launi. Mai zanen unguwa ya fitar da siffofi da baƙin layi, irin dagi da zanen da ake gani a fuskar tsofaffin gidajen Zariya da Damagaram, yara su cike. Idan aka ba su allo fari fat, cikin minti goma zai koma launin taɓo. Fentin mai ba ya fita a tufafi kuma warinsa na sa ciwon kai, a bar shi. Tsofaffin rigunan manya su ne rigar aiki.

Ta biyar rumfar lalle ce da saƙar faifai, a cikin aji, inda mata za su sake. Jan lalle kawai. Baƙin da ake haɗawa da dayis yana tayar wa wasu da ƙuraje da ƙuna, kuma fatar yara ta fi saurin kamuwa.

Jadawalin yini

A ƙarshen Disamba rana na faɗuwa a Kano da kewaye jim kaɗan bayan ƙarfe 6. Ga tsarin da ke tafiya da salloli: a buɗe ƙofa 1:45, a fara rumfuna 2:30 bayan Azahar, zagaye uku zuwa La'asar. Bayan salla zagaye biyu, zuwa ƙarfe 5. Daga 5 zuwa kiran Magariba na dandamali ne. Bayan Magariba tatsuniya da jerin fitilu, a sallami kowa kafin Isha.

Awa ɗaya ta dandamali ba ta ɗaukar fiye da abu biyar, kowanne minti takwas zuwa goma: gaɗar 'yan mata, langa, gajeren wasan kwaikwayo na ɗalibai, waƙar baka ko rubutacciya, da makaɗin gargajiya na gari. A saurari kowane abu tun mako guda kafin ranar, musamman baitocin mawaƙi, don kada habaici ko siyasa su ɓullo a gaban iyaye. A gaya wa makaɗi tun wurin ciniki cewa babu liƙi babu kirarin masu kuɗi, a biya shi ladansa cikakke. Da zarar an fara liƙi, yara sun ruga tsintar kuɗi, tsari ya rushe. Jawabi kuma ɗaya tak, na mai unguwa, minti uku. Manyan baƙi da aka jera musu kujeru kowa na jiran makirfo su ne ke cinye lokacin yara, shi ya sa ya fi kyau a gayyace su su zagaya rumfuna.

Tatsuniya a bar ta sai bayan Magariba, kamar yadda aka gada. A zaunar da yara a tabarmi, a ba tsohuwar da ta iya makirfo a zaune, a rage fitilu. Idan ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku" yara ɗari suka amsa "Ta zo mu ji ta", an gama kama su. Labarin Gizo ɗaya na minti goma da kacici-kacici biyar sun isa. Daga nan a kunna fitilu, a jera yara bibbiyu, ƙanana a gaba don su ne za su tsara saurin tafiya, babba ɗaya a gefen kowane yara goma. A zagaya cikin filin sau biyu da kiɗa a hankali. Fita kan titi na bukatar 'yan sanda su tare hanya, kuma a biki na farko bai cancanci wahalar ba. A tsaya a da'ira, a ƙirga daga goma zuwa ɗaya, a ɗaga fitilu sama, liman ko dattijo ya yi addu'ar shekara. Nokawut da sauran abubuwan fashewa a hana su tun daga ƙofa. 'Yan sanda kan haramta su a ƙarshen shekara, kuma ƙara ɗaya a cikin duhu ta isa ta sa taro ya ruɗe.

Idan a Muharram ne, akwai abin da za a ƙara daga al'adar cika-ciki: wasan taubasai da na jika da kaka, da neman kuɗin shara. Minti goma na barkwanci tsakanin kakanni da jikoki a kan dandamali ya fi kowane wasan kwaikwayo sa dariya.

Wuta, sauti, ruwa

Lasifika biyu, makirfo biyu da ƙwan fitila goma masu ƙaramin ci, janareta mai ƙarfin kilowat biyu da rabi zuwa uku zai ɗauke su. A lissafa lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na fetur a awa, a cika tanki kafin a fara, domin zuba mai a inji mai zafi shi ke kawo gobara. A ajiye shi taku 20 daga jama'a, ta inda iska ke kai hayaƙi waje, a kewaye shi da benci, bokitin yashi a kusa. Wayoyi a ɗaga su a kan gora ko a binne su a ƙasa. Ƙugin da lasifika ke yi mai tsinka kunne yana faruwa ne idan mai magana ya shiga gabanta, don haka lasifika a gaba, makirfo a bayanta. A gwada komai da ƙarfe 12, ba lokacin da mutane suka zauna ba. Idan uwa sai ta ɗaga murya kafin ɗanta da ke kusa da ita ya ji, sautin ya yi yawa.

Ruwan leda biyu ga kowane mutum: mutum 300, leda 600, jaka 30 ke nan. Ruwan wanke hannu da alwala daban, jarka goma aƙalla, da butoci da sabulu. Da hunturu a sa mai kura ya yayyafa wa fili ruwa da ƙarfe 1, a sake bayan La'asar, in ba haka ba gaɗa da langa za su tayar da ƙurar da za ta sa masu asma tari. A rubuta a jikin baji cewa a zo wa yara da rigar sanyi.

Abinci a bar wa matan unguwa masu sana'a, biyar ko shida: ƙosai, masa, awara, kunun gyaɗa, zoɓo, shayi. A yi yarjejeniya a kan farashi tun farko, a jera su a kusurwa ɗaya, kaskon suya a jikin katanga da tebur a gabansa, yadda yaro mai gudu ba zai kai ga mai ba. Banɗaki a wanke shi da safe, na mata daban, a sa mutum ɗaya ya riƙa duba ruwa da haske. 'Yan agaji biyu da akwatin magani su zauna kusa da ƙofar fita, da Keke Napep ɗaya da aka yi ciniki da shi ya tsaya har a tashi. A nan kuma ake kai yaron da ya ɓace, a kira lambar da ke hannunsa, ba a yi ta shela da sunansa ba.

Kuɗi

Farashi na canzawa, amma rabon bai cika canzawa ba. Kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiya a kayan rumfuna, ɗaya cikin uku a hayar rumfa, tabarmi, sauti da fetur, sauran a ladan marini, makaɗi, mai zane, ruwa da tsafta. A ware kashi goma cikin ɗari a ajiye kada a taɓa sai ranar. Gudummawar kaya ta fi ta kuɗi sauƙin samu: mai shagon littattafai ya ba da kwali, mai gidan ruwa ya ba da jaka goma, tela ya yanka hankici. Ɗan siyasa idan ya kawo taimako da sharaɗin a rataya hotonsa, a gode masa a bar shi, domin rabin unguwa za su ɗauka taron jam'iyya ne.

Washegari da ƙarfe 8 a share fili, a tsince ledoji, a mayar da bencina ajujuwansu. Ruwan rini kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, marini ya tafi da shi ko a haƙa rami nesa a binne. Allunan zane a miƙa wa makarantar a kafa a bango. Cikin kwana uku ma'aji ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a takarda ɗaya, a liƙa a ƙofar gidan mai unguwa, a kuma rubuta a littafin kwamiti yawan kwalin da ya rage, rumfar da ta fi cunkoso, da ƙarfe nawa aka rufe ƙofa.